Na Je Ɗauko Zara, Na Ɓuge da Hawan Dutse

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa, a gidan suna, har a wajen mai niƙa. Duk wadda ta ga hoton nan da ke yawo a wayoyin dangi, mace a rataye da igiya a saman ruwa, hijabinta yana tashi, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Malama Falmata, wai ke ce kuwa?" Ni ce. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta da kansa.

Ni ba yawon buɗe ido na je ba, aike na aka yi. 'Yata Zara ta tafi karatu Kigali, babban birnin Ruwanda. Da ta gama, maimakon ta dawo, sai ta kama aiki da masu kai baƙi hawan duwatsu. Tun rasuwar mahaifinta, wansa Alhaji Modu ne babba a gidanmu na Soron Ɗinki, shi yake yanke magana. Wata ranar Juma'a ya kira ni zaure, ya miƙo mini waya. Zara ce a bidiyo, da ƙatuwar jaka a baya, tana gaba, Turawa suna bin ta a cikin daji.

"Falmata, 'yar ƙanena ce wannan?"

"Ita ce, Yaya."

"Mu gidan karatu ne da fatauci. Ba mu aika ta don ta zama 'yar dako ba. Ki je ki taho da ita. Ta waya kullum sai ta ce sabis ya ɗauke."

Gaskiya ni ma abin yana damuna. Duk ranar da ta ce mini tana kan dutse, ba na iya cin abinci sai ta sauko. Na ce to. Ya yanki tikiti, na ɗauki hutu, na cika akwati da kilishi da yaji da dambun nama da kuka.

Daga Kano zuwa Legas, daga Legas zuwa Kigali. Ban da Hajji, ban taɓa barin ƙasa ba. A filin jirginsu wata ma'aikaciya ta buɗe akwatina, ta kama zaro ledoji ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka kilishin za ta ƙwace. Ashe ledar ce ba sa so, an haramta ta a ƙasar. Ta kawo jakunkunan takarda, muka tsaya ni da ita muna juye kaya. Da muka zo kan yaji, ta shaƙa, ta yi atishawa sau huɗu a jere, hawaye na zuba, tana dariya tana cewa in wuce, in wuce.

Zara tana waje. Ta rame, ta yi baƙi, amma da ta rungume ni sai na ji kamar itace na riƙe. Muka isa ɗakinta. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Umma, na san Baffa ne ya turo ki. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ki bi ni kwana shida, ki ga aikin da idonki. Ranar ƙarshe ki faɗi saƙon, wallahi zan saurara."

"Ni da gwiwar nan?"

"Gwiwar da ke hawa benen makaranta sau goma a rana?"

Nan ta kama ni.

Da la'asar na shimfiɗa sallaya na fuskanci gabas. Har na ɗaga hannu, Zara ta kama kafaɗata ta juya ni. Wai a can alƙibla tana wajen arewa. Shekara hamsin da ɗaya ina kallon gabas, yau an ce in juya. Sai da ta nuna mini a waya, ta kuma leƙa da ni ta taga na ga inda masallacin unguwar ya fuskanta, sannan na yarda.

Washegari ta raba ni da akwatina. Ta ba ni jakar goyo, ta ce duk abin da bai shiga ciki ba, ba ya cikin tafiyar. Atamfofi bakwai na zo da su, biyu ta bar mini. Ta ba ni wando mai kauri in sa a ƙarƙashin doguwar riga, da takalmi irin na sojoji. Na duba madubi na ce Allah ya sa kada in haɗu da ɗan Kano.

Acaɓa muka hau zuwa tasha. A can dole fasinja ya sa hular kwano, babu roƙo babu "oga taimaka". Na ɗora ta a kan hijabi, kaina ya zama kamar tulu. A hanya na yi ta dube-dube ko zan ga bola, ban gani ba. A cikin motar haya na ciro dambun nama zan ci, Zara ta taɓa ni ta ce ba a cika ci a bainar jama'a ba, abin kunya ne wajensu. Na mayar, ina tunanin motar Kano zuwa Maiduguri, inda kafin a kai Wudil an cinye kaza biyu an raba rake. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shagunan madara ne. Ƙato da kwat da lakataye zai shiga, ya zauna, a cika masa kofi da kindirmo, ya shanye, ya goge baki ya koma ofis.

Hanyar kuwa babu miƙaƙƙen wuri. Hawa, gangara, kwana, sai wata kwanar. Ni da na tashi a Kano, inda Dala da Goron Dutse ne kaɗai abin da muke kira tudu, cikina ya dinga juyawa. Wata tsohuwa da ke gefena ta ba ni ɓawon lemo in shaƙa. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma har muka sauka tana riƙe da hannuna.

Muka isa bakin tafkin Kibu. Ban san tafki yana kai haka ba, ba a hango ƙarshensa. Daga nan tafiyar ƙafa ta fara, kwana biyu muna bin gefen ruwan ta cikin gonakin ayaba da gahawa. Awa ta farko na yi ta mita. Jakar ta ci mini kafaɗa, takalmin ya ci mini dunduniya. Zara ta tsugunna ta cire mini shi, ta manna filasta, ta gyara igiyar jakar ta yadda nauyin ya koma kan ƙugu. Nan take na ji kamar an sauke rabin kayan.

Duk wanda muka wuce a kan tudu sai ya ce mini "komera". Zara ta ce kamar "sannu, yi ƙarfi" ne. Mata ɗauke da buhun dankali a ka, suna hawa kamar a kan tabarma suke tafiya, su ne suke yi mini sannu, ni da ke ɗauke da atamfa biyu.

Mun kwana a masaukin wasu mata masu hidimar coci. Na ɗan yi ɗari-ɗari da farko. Babbarsu, wata dattijuwa mai farin ɗankwali, ta kalli hijabina, ta kalli nata lulluɓin, ta ce da Turanci, "Ashe tela ɗaya gare mu." Ita ta ɗumama mini ruwan alwala. Ta kuma kai ni kicin da kanta ta buɗe tukwane don in tabbatar babu naman alade: wake ne, da dafaffiyar ayaba, da wasu 'yan ƙananan kifaye soyayyu da ake kamawa a tafkin. Abincinsu ba yaji ko kaɗan. Na ciro nawa na barbaɗa. Ta ce ita ma ta ɗanɗana. Ta ɗanɗana, ta tashi tsaye, ta zauna, ta sha ruwa kofi biyu, sannan ta ce in bar mata kaɗan a takarda.

Rana ta huɗu ita ce ta dutsen. Sunansa Bisoke, tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu, ruwa ya taru a bakinsa ya zama tafki. Ranar Zara tana bakin aiki, baƙi shida aka ba ta, ni ce ta bakwai. Akwai ma'aikatan gandun daji da bindiga saboda ɓauna, akwai masu ɗaukar kaya. Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Odet, mace mai 'ya'ya huɗu, manomiyar dankali. Gajeruwa ce, ba ta kai kafaɗata ba. Na ce ina jin nauyin in ba ta jakata. Zara ta ce, "Umma, in kin hana ta, kin hana ta aikin yau." Na miƙa.

A cikin baƙin akwai wani dogon Bature, Pita, shi da matarsa. Ni Bitrus nake ce masa. Tun a ƙasa yake ba da labarin duwatsun da ya hau a ƙasashe daban-daban. Ya ƙi karɓar sandar da aka ba kowannenmu, ya ƙi mai ɗaukar kaya. Da ya gan ni sai ya tambayi Zara ko tsohuwar nan za ta iya. Na ji shi sarai, Turanci nake koyarwa. Na ce masa, "Tsohuwar tana ji." Kunnuwansa suka yi ja.

Abin da ba a faɗa mini ba shi ne taɓo. Dutsen gaba ɗaya taɓo ne, baƙi, mai santsi, wani wurin har gwiwa. Ga wani ganye mai ƙaiƙayi da ke harbi ta cikin wando. Na faɗi ban san sau nawa ba. Sau ɗaya ƙafata ta fito, takalmin ya zauna a ciki, Odet ta zura hannu har kafaɗa ta zaro shi. Da muka yi nisa numfashina ya fara gajarta, zuciyata tana bugawa a cikin kunnena. Na zauna a kan wata saiwa na ce na gama, a bar ni a nan.

Zara ta dawo baya. Ba ta lallashe ni ba. Ta kama wuyan hannuna tana kallon agogo, ta duba leɓɓana, ta tambaye ni ko kaina yana ciwo, ko ina ganin jiri. Na ce a'a.

"To gajiya ce kawai. Da ciwon tsauni ne da ni da kaina zan mayar da ke. Sha ruwa. Ci dabino biyu. Taku ashirin, ki tsaya ki ja numfashi, taku ashirin."

Na kama ƙirga takun da salati. Odet tana gaba tana jan hannuna, tana cewa "buhoro, buhoro", wato a hankali. Haka muka yi ta yi, har na daina tunanin sama, sai takun da ke gabana.

Ban san mun kai ba sai da ƙasa ta ƙare. Hazo ya rufe ko'ina, ban ga komai ba. Na ce a raina, duk wahalar nan don in kalli farin bango? Muna zaune muna cin burodi sai iska ta taso ta yaye hazon, ga tafkin a ƙasanmu, zagayayye, shiru, kamar an zuba ruwa a ƙwarya. Na ce Subhanallahi, hawaye suka zubo mini. Odet ta zaci ciwo ne, ta kama matsa mini ƙafa.

A saukowa ruwan sama ya tsuge. Bitrus ya ce shi ba zai iya tafiyar hawainiya ba, ya wuce gaba da sauri duk da Zara ta ce a tsaya tare. Ba a yi minti goma ba muka ji ihu. Muka same shi a kwance a gindin wata gangara, ƙafarsa ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Matarsa ta ɗora hannu a ka tana kuka. Sauran baƙin suka tsaya cirko-cirko.

A nan na ga 'yata. Muryarta ba ta ko girgiza ba. Ta ce wa wannan ya riƙe lema, ta ce wa ma'aikacin gandun ya kira ƙasa a kawo gadon ɗaukar mara lafiya, da yarensu take magana, ni ban ma san ta iya shi haka ba. Ta buɗe jakarta ta ciro almakashi da bandeji. Ta karɓi sandata ta sa aka karya ta biyu, ta jera a gefen ƙafar. Bandejin bai isa ba. Ta juyo.

"Umma, mayafin da ke jakarki."

Mayafina ne na fita biki, na ɓoye shi a ƙasan jaka ba da saninta ba, ashe ta sani. Na miƙa. Ta ce in zauna in riƙe kansa, in yi ta yi masa magana kada ya suma. Me zan ce wa Bature? Na ɗora kansa a cinyata na kama karanta masa duk addu'ar da ta zo bakina. Can ya buɗe ido ya ce me nake faɗa. Na ce roƙon Allah nake ya sassauta masa. Ya ce in ci gaba. Na ce to ya dinga cewa amin. Haka muka zauna cikin ruwa, ƙaton mutum yana cewa "amin, amin" yana cije haƙora, har masu gadon suka iso. Maza takwas suka ɗauke shi, Zara tana gefe tana ba da umarni, kowa yana bi. Likitan da ya karɓe shi a ƙasa ya duba ɗaurin ya ce wa ya yi. Aka nuna ta. Ni dai na tsaya a bayanta, taɓo har gira, ina ji kamar in faɗa wa kowa ni na haife ta.

Washegari muka nufi Yuganda. Jikina ko'ina ciwo, sauka daga mota sai da dabara. A kan iyaka jami'in ya karɓi fasfo ya ce ina katin allurar shawara. Na zazzage jakar goyo a kan benci, babu. Layi ya taru a bayana, gumi ya keto mini duk da sanyin. Zara ta ce in nutsu in tuna inda nake ajiye abin da ba na so ya ɓata. Sai na tuna. Yana cikin littafin azkar ɗina. Jami'in ya ga littafin, ya ce, "Assalamu alaikum, Hajat." Ashe Musulmi ne, haka suke cewa Hajiya. Ya buga hatimi, ya ce in ƙara awa ɗaya a agogona. Taku kaɗan na yi da ƙafa, wai har awa guda ta tafi.

Muka shiga tasi. Direban ya ja mota ya koma hannun hagu, ga babbar mota tana tahowa. Na ƙwala salati na cafki wuyan rigarsa. Ya taka burki, kowa ya juyo. Zara ta kifa kai a gwiwa tana dariya har da shessheƙa. A Yuganda ta hagu ake tuƙi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma ya matsar da kujerarsa gaba. A hanya ya tsaya ya saya mana wainar ƙwai da tumatir da kabeji naɗe a cikin wani lallausan burodi mai faɗi. Da sunan wani agogo mai tsada suke kiran ta. Ita ce abu mafi daɗi da na ci a tafiyar, na ci biyu a bakin titi, don su a nan ba ruwansu.

Tafkin Bunyonyi ya cika da 'yan tsibirai. Masaukinmu bukka ce a kan ɗaya daga ciki, gabanta a buɗe, kana kwance kana kallon ruwa. Da safe Zara ta sa mini rigar da ke hana nutsewa, muka shiga kwale-kwalen da aka fafe daga gungumen itace. Ta ba ni itacen tuƙi ta ce in gwada. Na tuƙa, jirgin ya juya. Na sake tuƙawa, ya ƙara juyawa. Muka dinga zagaye a wuri ɗaya kamar dutsen niƙa. Mata masu wanki a bakin ruwa suka bar wankin suna tafi. Da na gaji na ajiye itacen, muka bar jirgin yana lilo da kansa a tsakiyar ruwa.

"Umma, yau kwana shida. Faɗi saƙon."

Na faɗa mata duka, yadda Yaya Modu ya faɗa, har da maganar dako. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Wannan na Baffa ne. Naki fa?"

Na ce, "Nawa tsoro ne. Kuma ban daina ji ba, shekaranjiya ma na ga abin da dutse yake yi wa ƙafa. Amma na ga ba wasa kike yi ba."

Sai ta buɗe mini cikinta. Ba ta da niyyar zama a can. Saura wata bakwai ta karɓi takardar shaidar jagora. In ta samu, gida za ta dawo ta buɗe nata, ta dinga kai mata 'yan uwanta tsaunukan Mambila da na Filato, mata zalla, da jagora mace, da lokacin salla a cikin tsarin tafiya.

"Matanmu nawa ne suka taɓa ganin abin da kika gani shekaranjiya, Umma?"

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Ta waya? Kafin in kai ƙarshe an ce in yi shiru manya na magana."

Na ce zan kai maganarta, amma da sharaɗi: duk ranar da za ta hau dutse ta kira ni kafin ta hau da bayan ta sauko, kuma kada in ƙara jin sabis ya ɗauke. Ta ce ta yarda. Ta share ido da bakin ɗankwalinta, ta karɓi tuƙin.

Igiyar nan ta hoto kuwa, ni na nema da bakina. An ɗaura igiyar ƙarfe daga wata bishiya a tsibiri zuwa wata a ƙetaren ruwa, ana rataye mutum ya zurara. Na ga wata mata da ta girme ni ta yi. Na ce a ɗaura mini. Zara ta ce, "Umma, kin tabbata?" Ta duba kowane ƙulli da hannunta sau biyu. Da na hau dandamalin na leƙa ƙasa, na ce na fasa. Mai kula da wurin ba ya jin Hausa, ya zaci na ce na shirya. Kalmar shahada na fara da ita. Kafin tsakiya ta koma ihu. Daga tsakiya kuma, Allah ya gani, guɗa na rangaɗa, irin ta kai amarya, har masu kwale-kwale suka ɗaga kai. Ina sauka na ce a sake.

Na dawo Kano ni kaɗai. Yaya Modu yana zaure a kan buzunsa. Ya kalli bayana, ya ga babu kowa.

"Ina yarinyar?"

Na durƙusa na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba. Na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau yana turawa da yatsa a hankali. Ya daɗe a kan hoton ƙafar Bitrus. Da ya zo kan na igiya ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Falmata, na aike ki ki ɗauko mutum ɗaya, ashe biyu na kusa rasawa."

Na sunkuyar da kai. Aka fara kiran la'asar daga masallacin unguwa.

"Wata bakwai ta ce?"

"Bakwai, Yaya."

"Ba takwas ba." Ya miƙo mini wayar, ya jawo butarsa. Har na miƙe sai ya ce, "Wannan Mambilar, mota tana kaiwa har sama?"

"An ce tana kaiwa."

"To ki ce mata in ta tashi tafiyar farko ta sa sunana. Amma ban da igiya."

"Yaya, ai tafiyar ta mata ce zalla."

Ya kalle ni ta saman tabarau.

"To wa zai yi muku muharrami?"